Bangon Littafin Baba Juzu'i

Idan ana lissafin waɗanda suka sadaukar da rayuwarsu don ceto matasa, dole a fara da Mataimakin Shugaban makarantar sakandaren unguwar nan, a kuma ƙare da shi, don shi da bakinsa ya ce ya duba bai ga na biyu ba. Gajere ne, amma Allah ya ba shi muryar mutum uku. Ɗalibai na kiransa Baba Juzu'i, saboda ko gaisuwa zai amsa sai ya kasa ta juzu'i-juzu'i.

Wata Talata ya shiga laburare neman inda fanka ke aiki, sai ya tarar da abin tashin hankali. Yara sun yi tsit suna karatu, kuma babu wanda ya sa su. Mutum mai basira irinsa ya san ba lafiya ba. Ya fizge littafin wata yarinya ya duba. Labarin wata 'yar shekara sha huɗu ne da ta hau ƙaton tsuntsu mai fukafukan wuta, ta tafi nemo ƙanenta a wani birni da ke ƙarƙashin teku.

"Tsuntsu mai wuta!" in ji shi. "A wace jarrabawa yake fitowa? Juzu'i na ɗaya, ƙarya ce. Juzu'i na biyu, ɓata lokaci ne. Juzu'i na uku, yarinyar nan ta bar gida ba ta nemi izinin kowa ba!"

Nan take ya sa aka tattara ire-irensu, guda sittin cif, ya ce a kai bola. Malamar laburare ta tsaya kamar ta fashe da kuka. Shekara tara ta yi tana tara littattafan nan, wanda ya yage ta ɗinke shi da zare da allura. Ya nuna ta da biro.

"In na sake ganin ko guda ɗaya a makarantar nan, ki nemi wani aikin."

Da aikin nan take riƙe da mahaifiyarta da 'ya'ya uku, don haka ta ce to.

Amma Baba Juzu'i ba azzalumi ba ne. Tun da ya hana yara guba, ya ga wajibi ne ya dafa musu magani. A hutu guda ya rubuta "Matashi Mai Hankali da Yadda Aka Yi Ya Zama Haka", shafi ɗari huɗu da sha biyu. Jarumin ɗan shekara sha biyar ne, bai taɓa makara ba, bai taɓa dariya ba dalili ba. Gajere ne kuma mai murya, wanda wannan dacewa ce kawai. Babban tashin hankalin da ya shiga a rayuwarsa shi ne ranar da bironsa ya ɓace, aka yi babi biyu ana nema, sannan aka gan shi a aljihunsa. An yi wa littafin bango mai kauri, da hoton marubucin ya tallafe haɓa yana hango nesa. Kwafi sittin ya kai laburare.

Makon farko ko ƙuda bai sauka a kai ba. Ya ce ai abu mai zurfi sai a hankali. Ya kuwa yi gaskiya, don a mako na uku sai ga layi har bakin ƙofa. Rajistar aro ta cika aka buɗe sabuwa. Duk inda ya juya lokacin hutun tara, fuskarsa ce ke kallonsa daga ƙarƙashin bishiyoyi, da kan yaro a bayanta. Ranar nan ya iske wata yarinya tana sharɓar kuka a kan littafin.

"Yi kukanki, 'yata," ya ce. "Ni ma da nake rubuta babin biron sai da na share hawaye."

Yarinyar ta ƙanƙame littafin a ƙirji, ta ƙara sautin kukan.

Ya canza gilashi. Ya koma cewa "mu marubuta". A gida ma autarsa, 'yar aji uku, sai uwarta ta yi kira uku kafin ta ɗago kai daga hoton ubanta. Wannan ya fi komai faranta masa rai.

Ranar rabon kyaututtuka Daraktar Ilimi ta zo da kanta. Teburin jawabi ya fi ƙarfin tsayin Baba Juzu'i, sai malamar laburare ta turo masa kwalaye biyu lulluɓe da zane, ya taka ya hau. Ya ɗaga kwafin da ya fi kowanne shan hannu, wanda ya zaro daga jakar autarsa da safe.

"Ranki ya daɗe, ga shaida. Dubi yadda ya koɗe! Na kori tsuntsaye, na kawo hankali. Auta, zo ki karanta wa baƙi."

Auta ta fito. Ta kalli malamar laburare, wadda gumi ya riga ya jiƙa mata mayafi.

"Baba, ko in faɗi sunan littafin kawai?"

"Buɗe tsakiya! Ko'ina kika buɗe hikima ce."

Ta buɗe, ta fara da ƙaramar murya: "Da mashin ya soki tsuntsun, wutar fukafukansa ta dusashe. Yarinyar ta rungume wuyansa suna gangarowa cikin teku, tana kiran sunan ƙanenta."

Darakta ta gyara zama.

"Ikon Allah. Malam, sai me ya faru?"

Baba Juzu'i ya buɗe baki. "To, ranki ya daɗe, juzu'i na ɗaya…"

"Bai mutu ba!" Ɗalibai ɗari huɗu suka amsa baki ɗaya. "Ƙanen ne ya hura masa wutar!"

Darakta ta karɓi littafin, ta juya shi, ta shafa zaren da ya haɗa bango da ciki.

"Wa ya yi ɗinkin nan?"

Malamar laburare ta miƙe da ƙyar. A ranta ta riga ta fara tunanin abin da za ta gaya wa mahaifiyarta.

"Ni ce, ranki ya daɗe. Duka sittin ɗin."

"Makaranta arba'in na zaga bana," in ji Darakta, "ban ga inda yara ke bin layi don karatu ba sai nan. A ƙara mata kantoci biyu, a cika mata su da irin waɗannan."

Tafi ya ɓarke. Baba Juzu'i, da yake gwarzo ne, ya ja makirufo ya bayyana wa jama'a cewa dama dabararsa ce tun farko, kuma tana da juzu'i uku. Babu wanda ya ji, saboda tafin.

Da mutane suka fara watsewa, ya yafito malamar, yana nan tsaye a inda yake, ya rage murya.

"Malama, to ina cikin nawa littafin?"

"Ranka ya daɗe, kana kansa tun safe."

Ya ɗage zanen ya leƙa. Ga su nan a jere, farare tas, ko gefen shafi ɗaya bai lanƙwashe ba. Kuma kada a zalunci bawan Allah, littafinsa ya yi amfani. Ba don shi ba, da Darakta ba ta ga ko hularsa ba.