Yadda Ake Zama Ɗawisu a Bakin Hafir

Kai da aka ɗora wa shugabancin lajnar ƙauye, wato kwamitin gari, aiki ya taso kuma jikinka ba ya so, matso kusa. Matakai bakwai ne, kuma na ba ka tabbaci: in ka bi su, aikin ba zai yiwu ba, kai kuwa za ka fito da suna mai kyau da hoto a allo. An gwada su a wani ƙauye kusa da garin Doka a yankin Gadarif, a hannun shugaban lajna Mailafiya, ko ɗaya bai ba shi kunya ba.

Ga abin da ya tarar. Hafir ɗin ƙauyen, inda ake tara ruwan damina a sha har rani, laka ta cike shi. Wani mai manyan gonakin dawa ya ba da aron loda, motar kwasar ƙasa, da direbanta Harisu, kwana biyu cak, a yashe shi kafin ruwan farko. Kowa ya san baƙar ƙasar Gadarif: in ta jiƙa, ko jaki da ƙyar yake fita. Gwaggo Hawwa, yayar mahaifin Mailafiya, awaki goma sha huɗu gare ta. Bara ashirin ne, ƙishirwa ta sa ta sayar da shida. In ba a yashe hafir ba, sauran ma kasuwar Doka za su.

Mataki na 1: Nemo malamin da zai wanke ka

Kada ka nemi mai sanin ruwa, zai ba ka aiki. Nemi mai sanin magana. Mailafiya ya sami Ustaz Mohanad a cikin gari, mai koyar da "gina kai", mai ɗaure wuya da ƙyalle ko ana zafin da kaza ke buɗe baki. Ustaz ya nuna masa hoton ɗawisu ya ce, "Ya zol, bawan Allah, duk tsuntsaye babu mai munin ƙafar wannan. Ka taɓa ganin ya sunkuya? Jelarsa yake kallo. Matsala ba a ƙasa take ba, a cikin kai take."

Mailafiya ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Shekara uku ana damunsa da laka, ashe laifin wuyansa ne da yake lanƙwasawa.

Mataki na 2: Sauya wa abubuwa suna

Daga yau hafir bai cike ba, hutawa yake yi. Ƙishirwa kuma dama ce ta koyon haƙuri. Fara gwaji da na gida.

"Gwaggo," in ji Mailafiya, yana kurɓar jabanarta, gahawar da ta dafa, "ki daina cewa ba ruwa. Ki ce ruwa yana hanya."

"Ya taho da ƙafa ne ko a lori?"

"Ɗawisu ake so mu zama, Gwaggo."

"Wanda ake zanawa a bayan motar ridi? Ɗan nan, ni na yi maka wanka kana jariri da ruwan hafir ɗin nan. Gobe loda za ta zo. Ka kai ta inda laka take."

(Bayanin masana: tsofaffi sukan yi gardama saboda ba su da takardar shaidar halartar bita.)

Mataki na 3: Kayan aiki, a fara yin ado da su

Ranar farko Harisu ya iso da hantsi, ya nufi hafir. Mailafiya ya tare shi da hannu biyu. Gobe Ustaz zai zo ya yi wa jama'a bita, ina za a kafa rumfa? Fili duk tsagewar ƙasa, baƙo ya karye a ƙafa?

"Shugaba, kwana biyu fa aka ba ni."

"Harisu, wanda bai gyara tunani ba, ko ya yashe hafir zai sake cikewa. Daga tushe ake farawa."

Harisu ɗan aike ne, ya ɗaga kafaɗa. Ya wuni yana baje fili har ya yi sumul kamar faranti. Da la'asar ya haƙa rami biyu aka kafa allo mai zanen ɗawisu, an rubuta a ƙasa: KALLI JELA.

Mataki na 4: Duk mai iya aiki, zaunar da shi

Wannan shi ne ƙashin bayan karatun. Rana ta biyu, tara maza arba'in da ke da shebur a gida, jera su a tabarma, raba musu shayi. Ka hana loda motsi sai an gama, don ƙararta tana hana nutsuwa, kuma ana so a ɗauki hoton cokalin laka na farko da loda za ta ɗebo, da Ustaz a ciki.

Ustaz ya ce kowa ya rufe ido ya hango hafir cike da ruwa, shuɗi, yana sheƙi. Maza arba'in suka rufe ido. Wasu har da murmushi.

Daga bayan rumfa Gwaggo Hawwa ta ce, "Ustaz, a kawo awakin su ma su rufe, ko na mutane ya wadatar?"

Aka yi dariya, aka gyara zama. Ba wanda ya tashi.

Mataki na 5: Mai nuna maka ƙafa, ka ce ba shi da lafiya

Bayan azahar Harisu ya zo ya durƙusa kusa da kunnen Mailafiya. "Shugaba, dubi gabas. Hadari ne daga wajen Habasha. Ka ba ni awa uku, ko bakin hafir na buɗe."

Mailafiya ya saci kallo. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kawo ƙamshin ƙasa. A nan ne raunana suke faɗuwa, su miƙe su ce a bar bita a kama aiki. Kai kada ka yi. Tuna da tsuntsunka. Mailafiya ya daidaita rawani ya ce da ƙarfi, "Ustaz, ga misalin abin da kake faɗa. Mu muna ganin rahama, shi yana ganin matsala."

Aka tafa. Harisu ya ce, "Halas, shi ke nan." Ya hau lodarsa ya kama hanyar kwalta, don in ta kafe a nan sai kaka, kuma ba tashi ba ce. Ustaz, wanda bai yarda matsala tana ƙasa ba, shi ya fara tsalle ya maƙale a gefen direba.

Mataki na 6: Duk abin da ya faru, nasara ce

Ruwa ya sauko kamar da bakin tulu. Kafin magariba hafir ya cika har ya tumbatsa. Dole ya cika, tunda zurfinsa bai kai gwiwa ba, amma wannan zancen masu kallon ƙasa ne.

Washegari Mailafiya ya tsaya a bakin ruwa cikin farar jallabiya. "Da can sai an yi ruwa biyar yake cika. Bana ruwa ɗaya! Kun ga ƙarfin tunani?" Aka ɗauki hoto. Da zai juya, laka ta riƙe takalmansa duka biyu. Bai sunkuya ba. Ya zare ƙafa ya taka har gida ba takalmi, kansa a sama.

Mataki na 7: Ranar da asiri ya tonu, ƙara baza jela

Ana gama yankan dawa hafir ya ƙafe, ga takalman shugaba nan a tsakiya sun bushe cikin laka. Ranar kasuwa Gwaggo Hawwa ta koro awakinta goma sha huɗu ta bi ta gaban allo. Mailafiya yana tsaye a wurin. Ya gane jar akuyar da ke gaba, nonon kakanninta ya sha yana yaro. Amma karatu ya zauna masa.

"Gwaggo, ki kalli abin ta wani gefe. Yanzu kin huta da kiwo."

Ta tsaya. Ba ta dube shi ba, ta zagaya bayan allon, inda babu fenti, sai tsatsa da ƙusoshi.

"Na kalla," ta ce. "Ustaz ɗinku bai ƙarasa muku karatu ba. In tsuntsun nan ya baza jela, baƙi da ke gaba su ke ganin ado. Mu 'yan gida a baya muke tsaye. Mun san abin da yake buɗe mana."

Ta kaɗa awakinta ta yi gaba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya, walau akuya ce ta tafi, ko takalmi, ko mutuncin gida. Kada a kawo masa ƙara. A kai wa maza arba'in da suka ga hadari da idonsu, ga shebur a bayan ɗaki, suka ce a ƙaro shayi. An sake zaɓen Mailafiya bana, ba hamayya. Mai neman ruwa ya rufe ido.