Rasuwar Tukunyar Kaka Batul

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da na rasa inda zan sauke shi, ni Nuhaila, autar gidan Si Idris, nake sanar da dangi na Fas da maƙwabtanmu na Kasablanka rasuwar tukunyar tagullar Kaka Batul. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara sittin da ɗoriya.

Ciwon ya samo asali ne ranar da muka baro Fas muka tare a benen nan. Ina goge taga na ji Yaya Anas yana ce wa matarsa a kicin, "Duk abin da murhun nan bai karɓa ba, zamansa a gidan nan ya ƙare." Har da dariya. Kaka na bakin ƙofa, rungume da tukunyar. Su ba su gan ta ba. Ni na gan ta.

Marigayiya ta shigo gidanmu cikin kayan auren Kaka. Mai haƙuri ce, ba ta taɓa ƙona miyar harira ba. Takan ciyar da mutum ashirin a buɗa-baki, har a aika wa maƙwabta. Ba ta da surutu. In ta ɗauki zafi sai dai ka ji "ɓut, ɓut" a hankali, in Kaka ta buga ludayi a bakinta ta amsa "ƙinnn", kowa ya wanke hannu. Buƙatarta ɗaya ce a duniya: duk Sha'aban a kai ta wurin Malam Bushta maƙeri a Fas ya sake shafe cikinta da kuza, kada tsamin tumatir ya taɓa tagulla.

Sabon murhun na gilashi ne, ba shi da harshen wuta. Aka ɗora ta, ya yi "tit, tit, tit", ya kashe kansa. Yaya ya ce murhun ba ya gane tagulla. Kaka ta ce ita ma ba ta gane murhun da ke zaɓen tukunya ba, ɗan gidan wa ye shi? Ta roƙi a kawo mata ƙaramin gas, Baba ya ce dokar benen ta hana. Sha'aban uku suka wuce, kullum sai a ce Fas ta yi nisa. Cikin tukunyar ya fara ja, daga baya kore.

Ranar Talata matar Yaya ta saka ta a injin wanke-wanke, wai don ta faranta wa Kaka. Ina tsaye. Na san toka da lemun tsami kaɗai ke taɓa jikinta. Na buɗe baki, kunya ta rufe min shi. Tukunyar ta fito fururu, ragowar shafen duk ya ɓare. Aka kira Malam Bushta, ɗansa ya ɗauka, ya ce tsoho ya ajiye guduma tun bara, shagon yanzu waya ake sayarwa.

Ta rasu ta bar murfi, da ludayi biyu, da ƙanenta turmin tagulla wanda yanzu aikinsa tokare ƙofar baranda. Ta kuma bar Kaka, wadda rabonta da kicin shekara uku ke nan. Harirar gidanmu yanzu minti ashirin take yi a tukunya mai ihu. Kaka takan kurɓa sau ɗaya, ta ce madalla, ta ajiye cokali.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a a baranda, bayan an ci kuskus. Yaya zai huda gindinta, a zuba ƙasa, a shuka na'a-na'a. Ba zaman makoki, falonmu ba ya ɗaukar mutum goma. Washegari Baba zai kai Kaka gidan Gwaggo Zuhur a Fas, wai hutun sati biyu. Ni na haɗa mata jaka. Ta sa na saka bargon sanyi, da hoton mijinta, da likkafanin da ta zo da shi daga Makka.

Baba, na kasa tambayarka ido da ido, shi ya sa na rubuta a nan inda na san za ka karanta: Kaka za ta dawo?