Kwamfutar da Na Ajiye a Randar Malam

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a zauren gidanmu na Limancin Kona a Zariya ba, ko da na so in manta ba za a bar ni ba, don har yau in Baffana ya ga na doshi randa sai ya ce a riƙe ni.

Lokacin na gama karatu, na gama bautar ƙasa, aiki kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wanda ba shi da abin yi kansa ne ke yi masa aiki, ni kuwa nawa kan babu abin da ya iya sai mafarki. Bayan la'asar nakan hau saman soron kakata Inna in zauna ina kallon dutsen Kufena can nesa, tattabaru na zagaya unguwa, ni kuma ina hango ranar da za a ce duk gidajen nan daga wajena suke kallo. Abin da nake son haɗawa shi ne abin da 'yan boko ke kira saba. 'Yar kwamfuta ce da za ta zauna a gida kullum a kunne, ba ta shan wuta, a zuba mata fina-finai da karatuttuka da hotunan biki, duk mai waya a gidan ya shiga ya kalla ba tare da ya ƙona datarsa ba. Har sunan kamfani na raɗa a zuciyata (ba zan faɗa ba, kunyar da zan ba ku labarinta ma ta ishe ni).

Da kaɗan-kaɗan na haɗa kayan. Na samo wata mitsitsiyar kwamfuta ta gwanjo wadda ba ta fi sabulun wanki ba, na ciro rumbun ajiya daga wata matacciyar laftof, na ɗora ƙaramin sola a saman soro, na jona shi da tsohon batir. Ranar da abin ya tashi na ga 'yar koriyar fitilarta na ƙyaftawa alhali an ɗauke wuta a duk unguwar, wallahi ji na yi kamar in yi kuka don daɗi. Na ɗora mata wani wasan gine-gine da ni da abokaina muke shiga ta wayoyinmu. A cikinsa muka gina birnin Zariya yadda muke so ya kasance: ganuwa a tsaye ba inda ta zube, ƙofofi duk da ƙyamarensu, kogi mai ruwa garai-garai ya ratsa ta bayan kasuwa. Na gina wa kaina bene a saman Kufena. A zahiri kuwa katifata a ƙasa take, a ɗakin da nake rabawa da buhunan masara.

To, Inna tana da wani kaset da take ɓoyewa a ƙasan adakarta. Kakanmu Malam, Allah ya ji ƙansa, ya taɓa zama a Makka yana karatu tana da ƙuruciya, shi ne ya ɗauki muryarsa ya aiko mata ta hannun alhazai. Muryarsa ke nan guda ɗaya da ta rage a duniya. Na yi ta lallaɓa ta har ta ba ni. Ta ce, “Angona, ka dai bi min tsohon miji a hankali.” Na ce mata in ya shiga na'urata ya shiga ke nan har abada, ko tattaɓa-kunnenta sai sun ji shi.

Na sa kaset a tsohuwar rediyo na jona da kwamfuta. Gaskiya ban saurari abin da Malam ke faɗa ba. Ina dai jin muryar dattijo sama-sama, idona na kan layukan da ke rawa a allo, zuciyata kuma tana can tana buɗe reshen kamfani a Gyallesu. Ana gamawa, ina mayar da kaset baya, rediyon ya tauna zaren ya tsinka shi gutsi-gutsi. Gabana ya faɗi, amma na ce ai ba komai, murya ta riga ta shiga rumbu. Ban kwafe ta ko'ina ba, ko a wayata, don ina ganin yin haka raina na'urata ne.

Saura matsala ɗaya, zafi. In rana ta take sai 'yar kwamfutar ta yi zafi kamar dutsen guga, ta riƙa sanɗa. Ina kan soro wata yamma dabara ta faɗo min. A bayan ɗakin girki akwai tsohuwar randar Malam a kife, an daɗe da daina amfani da ita. Na tuna yadda ruwan randa ke sanyi ko a tsakiyar bazara, na ce ashe kakanninmu sun riga Turawa ƙirƙiro gidan sanyaya kwamfuta. (Duk karatun da na yi bai tuna min cewa ruwan ne ke sanyaya randa ba, busasshiyar randa tukunya ce kawai.) Na wanke ta tas, na mirgino ta zuwa gurbinta na da a kusurwar zaure, na sa bulo a ciki, na ɗora kwamfuta da rumbu a kai. Wayar wuta na bi da ita ta bayan randa jikin bango yadda ba mai gani, na rufe da sabon faifai. Ban gaya wa kowa ba, so nake in ba da mamaki.

Na sanar da dangi cewa ranar Juma'a bayan masallaci kowa ya zo ya ji muryar Malam. Da safiyar ranar na tafi Gyallesu aro talabijin da lasifika, daga can na wuce masallaci. Ko da na dawo zaure ya cika. Baffa Sani, yayan mahaifina kuma babban gidan yanzu, yana zaune a kan buzu, ga sauran baffanni da maƙwabta, mata sun taru ta ƙofar ciki, an ajiye wa Inna kujera 'yar tsugune a bakin ƙofa ta sha sabon mayafi. Na ga moɗa a hannun Baffa, na ma ji yana cewa ruwan akwai sanyi sai dai ɗan ɗanɗanon ƙarfe, amma hankalina na kan jawabin da na kwana biyu ina tsarawa.

Na yi jawabi kuwa. Na yi maganar zamani, na yi maganar gadon iyaye, na ce daga yau gidan nan ya shiga sahun duniya. Na danna waya, ba ta ga saba ba. Na sake dannawa, shiru. Na yi murmushin masana na ce barci take yi don tattalin wuta, bari in tashe ta, kuma ku shirya ganin inda ilimin da da na yanzu suka haɗu. Na taka zuwa kusurwa, na yi bisimilla da ƙarfi, na ɗaga faifai.

Fuskata na gani tana kallona. Randa cike take fal har baki, ruwa kwance luf, can ƙasa kuma ga kamfanina a kan bulo.

Ban san lokacin da na zura hannu har kafaɗa ba, da babbar rigar Juma'ata da komai. Na tsamo kwamfutar da rumbun suna ɗiga, na tsaya riƙe da su a gaban mutane kamar wanda ya kamo kifi. Baffa Sani ya dubi moɗar hannunsa, ya dube ni, ya ce, “Injiniya, wannan muka sha?”

Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma abin da ya fi dariyar ciwo shi ne da na waiga wajen Inna na ga ita ba ta dariya. A nan aka gane yadda aka yi. Da safe ta fito ta ga randar mijinta a wanke a gurbinta, ta ɗauka jikanta ne ya farfaɗo da sadakar ruwan da Malam ke yi wa masu wucewa. Ta yi ta sa min albarka, ta kira ɗan garuwa ya juye jarkoki a cikin duhun zaure, ita da kanta ta kawo moɗa. Ta tambaye ni a hankali ko muryar tana cikin wannan abin da ke ɗiga. Na ce eh. Ta tashi ta shiga ciki.

Babu abin da ban yi ba. Na shanya rumbun a rana kusa da kuɓewar Inna, na binne shi a cikin shinkafa, na kai wa masu gyara, kowa ya ce sai haƙuri. Birninmu mai ganuwa da benena na Kufena duk sun tafi, ban ko damu da su ba. Muryar ce ta tsaya min a rai. Na koma shiga gida ta ƙofar baya, ko soro na daina hawa don kada mu haɗu.

Ita ta aiko a kira ni. Na same ta tana tsinke zogale, na durƙusa na kasa ɗaga kai. Ta ce dama ta san kishi ne, sabon miji ya ga ba zai iya da tsoho ba shi ne ya jefa shi a ruwa. Na so in yi dariya sai hawaye suka riga ta fitowa. Ta ce in share fuskata in zauna, kaset ɗin da ta yi shekaru tana ji in kowa ya fita, ina zaton a roba kaɗai yake zaune?

Sai ta rufe ido ta fara. Ta yi sallama irin ta Malam, ta jero gaisuwar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, da labarin zafin Makka, da kewar tuwon dawa, har wurin da ya yi tari ita ma ta yi. Ta wuce wani wuri da sauri tana murmushi, ta ce wannan ba na yara ba ne. Na lallaɓa na kunna wayata ina ɗauka. Da ta zo ƙarshe ta sassauta murya ta ce:

“Sannan ina roƙonki abu ɗaya. Randar nan ta zaure, ko ina nan ko ba na nan, kada a bar ta ba ruwa.”

Ta buɗe ido ta ce, “Kai da ka kwafe shi, ba ka ji wannan ba?”

Ban ji ba. Da na saurari minti ɗaya daga abin da nake ta alfaharin adanawa, da ban kai ko'ina kusa da randar nan ba.

Kafin in tashi daga gabanta na tura muryar Inna ga duk wanda ke da waya a danginmu, har da waɗanda ba ma ga maciji. Daga baya na sake haɗa wata sabar, tana nan a saman wata kanta kusa da taga, na manna mata takarda da manyan baƙaƙe cewa ba ta shan ruwa. Na koyi cewa abin da kake so ba a ajiye shi wuri ɗaya, kuma kafin ka adana maganar manya ka fara jin me suka ce. Randa kuwa tana gurbinta a zaure, ni ne mai cika ta kowace safiya, kuma sai na leƙa ciki tukuna nake zubawa.