Rasuwar Goggo Borghild, Rediyon Bukkarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Eilif Tveiten, tsohon malamin makaranta a Fagernes, a madadin iyalina, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabtanmu na bukkokin kan wannan dutse rasuwar rediyonmu, wadda kowa ya fi sani da Goggo Borghild. Ta rasu ranar Asabar ɗin Ista da rana tsaka, a jingine da bangon bukkarmu na kudu, tana tsakiyar magana.

Marigayiya ta shigo hannunmu ne a shekarar da muka yi aure da Ragnhild, kyauta daga surukina. Ja ce, mai rigar fata, da mariƙi a ka, da eriyar da ta ɗan karkace tun wata shekara da ta faɗo daga kan kanta. 'Yarmu Torunn ce ta raɗa mata sunan tun tana ƙarama, domin ba ta fara magana sai ta yi gyaran murya, khhh, khhh, kamar wata goggon Ragnhild mai wannan suna. Ita goggon ba ta taɓa sani ba, har ta koma ga Mahaliccinta.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da kamewa. Ba ta da surutu. Sau biyu take buɗe baki a yini: da safe ta faɗa mana inda iska za ta kaɗo da ko dusar ƙanƙara za ta sauko, sannan da yamma ta kawo mana wasa. Ba ta da ci. Batiranta kawai take so a ɗumama mata, don sanyin dutse yana kashe su, shi ya sa suke kwana cikin safar ulu a ƙasan bargona, wajen ƙafa. Shekaru sama da talatin ina kwana da su. Ban taɓa jin nauyin haka ba.

Kamar kowane gida a ƙasar nan, Ista ba ta cika mana sai da lemo, da cakulan, da kisan kai. Kantuna a rufe, jarida ba ta fitowa, sai mutum ya hau dutse da iyalinsa ya zauna yana tunanin wa ya kashe wa. Wasu littafi suke ɗorowa a jaka. Mu Goggo ce take kawo mana namu, wasan Sufeto Haugland, kashi-kashi, daga farkon mako zuwa Asabar. Har yanzu ina jin sautukanta a kunnena. Takun takalmi a kan tsakuwa. Ƙofa tana kuka, ƙiiii. Cokali yana zagaya kofi a hankali, ka san ba sukari kaɗai aka zuba ba. Sai Sufeto ya ƙyasta ashana, ƙyat, ya ce, "A zauna, a zauna, ba wanda zai fita." Idan iska ta taso daga yamma, muryarsa takan nutse cikin shuuu, sai in ɗaga Goggo sama da hannu biyu kusa da taga har ya dawo.

Amma babban alherinta a gidanmu yana zuwa ne bayan an kashe ta. Ni da Ragnhild ba masu yawan magana ba ne. A gari mukan wuni ba mu ce wa juna komai ba sai "an kawo wasiƙa" da "ka sha maganinka". A nan kuwa, da zarar na murɗa makunni ta yi shiru, sai gardama ta tashi.

"Mai aikin gidan ce, Ragnhild. Ita kaɗai ke da makullin."

"Kai dai, Malam, kullum wanda aka nuna maka da yatsa shi kake bi. Mai makulli ai ba ta buƙatar fasa taga."

"To ai don ta ɓad da sawu."

"Ɓad da sawu! Wuce ka sa itace a murhu, ƙwaƙwalwarka ta daskare."

Haka za mu yi ta yi, a kan tebur, a kan hanya muna sulu bisa dusar ƙanƙara, har a wajen wanke kwanuka. Ƙa'idar gidan ita ce ranar Jumma'a kowa ya faɗi sunan wanda yake zargi. Wanda ya faɗi ba daidai ba shi zai riƙa fasa ƙanƙarar rafi yana ɗebo ruwa, ya kuma share hanyar bayan gida, har ranar sauka daga dutse. Na ɗebi ruwa mai yawa a rayuwata. Na ɗebe shi da farin ciki, domin duk bokitin da na shigo da shi sai ta sake yi mini bayanin inda na kauce, tana dariya, kumatunta sun yi ja.

Dole in ambaci maƙwabcinmu, Oddvar Brekke, tsohon likitan haƙori, tun da yana nan lokacin da abin ya faru. Ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Bara waccan ya gina abin da yake kira bukka a tsallaken rafi, mai manyan tagogi, da janareto, da talabijin, da bayan gida a cikin ɗaki kamar a otal. Matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zuwa, kuma duk mai imani zai tausaya masa. Yana da fara'a. Haƙoransa duk nasa ne, ko kuma aikin ya yi kyau ƙwarai. Yana kiran matata Ragna, sunan da ni ban taɓa kiranta da shi ba, kuma tana amsawa.

Bana ya fara shigo mana sauraron wasa. Ya ce a wurinmu abin ya fi armashi, wai kamar zamanin da. Yakan zo da waina mai zafi da cuku, ya zauna a kujerar da ke tsakanina da Ragnhild, don ita ce kusa da murhu kuma gwiwarsa tana ciwo. A wasan bana mai kantin magani aka kashe da guba a wani otal na bakin teku. Ragnhild ta ce mai kiɗan coci ne. Na buɗe baki zan musa, sai Oddvar ya riga ni.

"Ragna ta kama shi. Kin lura ya ce bai taɓa shiga kantin ba, amma ya san inda ake ajiye sikeli?"

"Kai ma ka ji wannan? Eilif, ka ji, shi ma ya ji!"

Na ji. Suka juya suna fuskantar juna, suka yi ta warware zaren su biyu, ni kuma na tashi na sa itace a murhu ba tare da kowa ya aike ni ba. Ranar Jumma'a na faɗi nawa. Cikin baƙin otal ɗin akwai wani likitan haƙori, shi na zaɓa, bisa hujjoji da na tsara ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba a allo. Oddvar ya yi dariya har da buga gwiwarsa mai ciwon. Ragnhild ba ta yi ba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Mutumin da sau ɗaya ya yi magana, ya ce a miƙo masa gishiri?"

Marigayiya ba ta yi doguwar jinya ba. Ranar Asabar aka wayi gari rana ta fito fes, irin wadda zama a ɗaki a cikinta laifi ne. Kashin ƙarshe kuma da rana ake sa shi. Oddvar ya ce mu zo barandarsa, ya shimfiɗa fatun tumaki, sabuwar rediyonsa kuma tana da lasifika biyu. Na gode masa, na ce mu ma muna da bango mai kallon rana. Na fito da benci, na ɓare lemo, na ɗora Goggo a kan itacen da ke jere a gindin bango, inda ta fi kama murya. Ragnhild ta zauna kusa da ni. A tsallaken rafi janareto ya tashi, du-du-du-du, har ana jin sa a katakon benci. Na ƙara mata murya.

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Sufeto ya tara kowa a ɗakin cin abinci. Aka ji an rufe ƙofa. Ƙyat. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana wanke wannan yana ajiye wancan, har ya ce, "Saboda haka, da sunan doka nake kama..." A nan ne dusar ƙanƙarar da ke kan rufi, ta hunturu guda, ta zamo gaba ɗaya ta rufta kan Goggo. Da na tono ta da hannuna akwai sauran numfashi. Ta yi khhh sau ɗaya, kamar za ta ƙarasa zancen. Ba ta ƙarasa ba.

"Eilif, taso, a wurin Oddvar za mu ji sauran!" in ji Ragnhild.

Ban taso ba. Ba a barin mai rai a hannun Allah a tafi jin wasa. Na shiga da ita ciki, na cire batir, na goge ta da tawul. Ta taga na ga Ragnhild tana tsallake rafi da gudun da rabon da in ga ta yi shi tun Torunn tana goye. Wasan saura 'yan mintoci ya ƙare. Ita kuwa sai da inuwa ta rufe kwarin ta dawo, tana ƙanshin kofi, tana 'yar waƙa a hanci. Ban tambaye ta wanda aka kama ba. Ita ma, da yake 'yar ƙasar nan ce mai tarbiyya, ba ta faɗa ba. Ta dai miƙo mini bokiti.

Ba na zargin kowa. Na koyar da yara shekaru da yawa cewa ba a nuna mutum da yatsa sai da shaida. Abin da kawai nake so a yi la'akari da shi: rana tana fitowa kowace Ista, rufin nan kuma yana riƙe kayansa tun kafin a haifi jikokina. Abu ɗaya ne sabo a kwarin nan, kuma yana girgiza ƙasa. Da na shimfiɗa wa Ragnhild wannan, sai ta ce, "Wa ya ajiye ta a ƙarƙashin bakin rufi, ranar da ƙanƙara ke narkewa?" Na ce ai a kan irin wannan tunanin mai laifi yake dogara a kowane wasa. Ta ce in sha kofina kafin ya huce. Wannan ce gardama mafi tsawo da muka yi a makon, kuma ina gode wa marigayiya da ta bar mana ita.

Oddvar ne ya tabbatar da rasuwar. Ya zo da safiyar Lahadi da ɗan madubinsa mai dogon mariƙi, ya buɗe bayanta, ya leƙa kamar yadda ya saba leƙa bakin mutane, ya girgiza kai. "Malam, sai haƙuri. Ruwa ya kai ko'ina." Ya dafa kafaɗata. Ya ce ya naɗa mini kashin ƙarshe a kaset, duk lokacin da na so in zo in ji. Ya ce baɗi kada mu wahalar da kanmu, mu zo wurinsa tun daga kashi na farko, ga talabijin ma idan an gaji da rediyo, ga ɗaki na musamman mai gado biyu. Na dubi Ragnhild. Ta ce, "Za mu gani." Na aure ta da daɗewa, amma wannan "za mu gani" ban iya karanta shi ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da Ragnhild, da Torunn da 'ya'yanta a Bergen waɗanda ba a sanar da su ba tukuna. Ta bar batira da sauran ƙarfinsu, da safar ulu ƙafa ɗaya, da gurbi a kan kanta inda katakon bai dushe ba. Ta bar mai kantin magani a kwance ba a bi masa hakkinsa ba, a wurina dai. Masu zuwa gaisuwa ina roƙonsu su kama bakinsu a kan wannan. Ta kuma bar wani tsoho da bai san da me zai buɗe hira da matarsa baɗi ba, ko ma a wane gefen rafi za ta zauna.

Za a yi jana'iza gobe Litinin, bayan an ji hasashen yanayi daga bakin duk wanda yake da abin ji. Za a sauko da ita daga dutse zuwa gidanmu na gari, a kwantar da ita a ɗakin saman rufi, cikin akwatin da ta zo a ciki, wanda na adana. Ba a buƙatar furanni. Mai lemo ya zo da shi.

Game da ɗaukar gawa, Likita Brekke ya yi tayin babur ɗinsa na kan ƙanƙara. Mazauni biyu ne da shi. Shawararsa ita ce shi ya tuƙa, Ragnhild ta zauna a baya ta rungume marigayiya da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ta riƙe abin da ta samu, ni in biyo su a hankali da katakon sulu. Iyalan marigayiya suna godiya ƙwarai. Ni zan ja ta da kaina a kan jirgin katakon da muke jan kaya da shi bisa ƙanƙara, igiya a ƙuguna, kamar yadda na hau da ita. Na faɗa wa Ragnhild ita ba dole, hanyar tana da nisa, gangaren ƙarshe kuma ya yi santsi, babur ɗin yana da taushi.

Ɗazu, ina tsakiyar wannan rubutu, na ji ƙarar gurza a waje. Na leƙa. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta jingina katakon sulunta da bango tana goga masa kaki don ya yi santsi. Nawa ma yana gefe, ta riga ta gama da shi.

"Me kake kallo? Wani ai sai ya riƙe igiyar baya, in ba haka ba a gangaren nan gawa biyu za a kai gari."

"Oddvar fa?"

"Sai ya wuce gaba gobe ya dafa mana koko a wajen ajiye motoci. Ka rubuta haka a takardar taka, ka kuma rubuta cewa ka gode."

Na rubuta. Na gode. Masu rakiya su hallara a ƙofar bukkarmu, ta wannan gefen rafi.

Eilif Tveiten,
a madadin iyalan marigayiya.