Kwalbar da Na Sansana a Tashar Kaura

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, 'yan hisba suka ga kwalbar wuski a motar wani direban Zurmi. Ni da na taɓa aikin otal a Legas, na ratsa taro, na sansana, na yanke hukunci: "Giya ce mai ƙarfi. Murfi biyu ya isa ya ka da ƙato."

Direban yana ta rantsuwa, bulala tamanin na jiransa. Sai Baba mai maganin gargajiya ya iso, ya kurɓa.

"Jiƙon basir ne, ni na haɗa mishi. Amma kai, ɗana, ina ka san warin giya?"

Har yau ko kunu aka kawo, sai a miƙo mini: "Malam, murfi nawa za mu sha?"