Akuya Biyu, Ɗaya Gurguwa

Daga Mubi na zo. Da na tsufa na bar fatauci, aka ba ni katin zama a Garwa, bisa sharaɗin ina da jari a Kamaru. Jarina shanu ne.

Ranar sabunta katin ɗana ya ce zai raka ni, na hana shi. Ni da na ƙare rayuwata ina ɓoye wa masu jangali shanu, wane ma'aikaci ne zai gagare ni? Na sa tsohuwar riga da silifa mai ɗinki.

Shef ɗin ofis ya ce, "Baba, me ka mallaka?"

Na marairaice. "Ranka ya daɗe, akuya biyu gare ni, ɗaya ma gurguwa."

Har ina yaba wa kaina a zuci. Sai ya ce tunda babu jari babu kati, in shirya komawa Najeriya. Ni da kabarin matata yake Garwa!

Na rantse ina da garke. Ya dubi silifana, ya ce na baya ya matso.

Mahautan unguwar Rumde Ajiya ne suka cece ni, Allah ya saka musu da alheri. Da labari ya kai musu, sarkin pawa ya kwaso su, wasu da jini a riga, suka cika ofis suna shaidar shanuna suke yankawa. Aka buga hatimi.

Har yau in na ratsa layinsu sai wani ya miƙo ƙashi: "Ungo sadaka, Alhaji, a yi wa yara romo."

Karɓa nake yi.