Shekarun da Kaka Ya Zaftare

"Sannu da jiki, tsohon kwano."

"Yauwa, amaryar da ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba."

Muryar Kaka a shaƙe ta fito. Jikarsa, wadda nas ce a sashen da ke bin fayil ɗin majinyata don gano kuskure, ta tsaya a bakin gado tana kallon ƙafafunsa da suka kumbura suntum. Tun da aka fara masa sabuwar allura fitsarinsa ya ja baya. Abokan aikinta biyu sun duba fayil ɗinsa a gabansa: ɗaya ta ce komai daidai, ɗayar ta ce allurar ta fi ƙarfinsa. Ga mai allura can tana bin gadaje da tire, ta kusa isowa.

"Shekara nawa ka ce musu kana da su?"

"Ana tambayar ango shekaru?"

"Sittin na gani a rubuce. Babana ma ya haura sittin. Tare aka haife ku?"

"Shi ya yi gaggawar tsufa, ina ruwana?"

"Saurayi mai haƙora uku kamar duwatsun murhu!"

"Da su na tauna miki nama kina rarrafe, marar kunya. Ku da mutum biyu za su karanta takarda ɗaya, kowa ya fito da nasa, ku ne za ku tuhume ni?"

"Takarda abin da aka faɗa mata take faɗa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, Kaka."

Ta damƙe ƙarfen gadon, wasa ya bar fuskarta. "Da shekaru ake auna wannan allura. Ƙodarka ba ta san ka koma yaro ba."

Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi tiren da ya iso. Mai allura ta kama hannunsa, jikar ta tare.

"Dakata, 'yar'uwa. Kira likita tukuna."

Tsohon ya kawar da kai. Can ya ce, "Tamanin."

"Kaka."

"Da 'yan kai. Bakwai."

Likita ya zo, ya dakatar da allurar, ya sa a auna ƙodar nan take. Sai a lokacin jikar ta zauna a gefen katifa.

Kaka ya kece da dariya har da tari, ya laluɓo lemo a kan durowa ya cusa mata a hannu.

"Kin ci ni. Amma ki ɓare mana, haƙoran saurayin sun gaji."